Illo da Jemar Bakin Gulbi

Ranar da Dije ta fita takaba an kwana ana ruwa, gangaren gulbi ya yi santsi. Wani dattijo ya karɓi tulunta, bai ko ɗaga ido ba, ya hau da shi har Ƙofar Dundaye, ya dire, ya juya. Daga baya ta ji Illo ne sunansa, mai haƙa kabari, kuma shi ya haƙa na mijinta.

Makabartar tana saman gaɓa, gulbi kuwa kowace damina sai ya ɓantari rabonsa. Da ruwan sama ya ɗauke, Illo zai ɗaura igiya a gindin aduwar da ke bakin kaburbura, ya ja ta zuwa inda ƙasa ta zabtare, ya yi ƙulli. Ƙullin bana bai taɓa kai na bara ba. Ya lura inda ciyawar jema ta yi duhu taki ɗaya ruwa ke ci, inda babu ita kuwa uku. Sai ya bi gaɓar da dashe. Masu wanki suna yi masa ba'a, wai ya rasa gawar rufewa ya koma noman ciyawa.

Shekara uku da zuwan Turawa aka ce a haƙo ƙasa a gaɓar nan don ginin bariki. Dogari Bawa ya zo da masu diga, ya tarar da Illo zaune cikin jemar. Illo ya miƙa masa igiya, ya ce taki goma sha biyu suka rage tsakanin ruwa da kabarin farko. Bawa ya ce shi aiko shi aka yi.

"Tsohonka na nan layi na biyu, ni na rufe shi," in ji Illo. "Shi ma ka hwaɗa mishi aiko ka aka yi."

Haƙar dai aka yi. Illo kuwa ya sha horon wata uku yana dako a bariki, ya dawo a sunkuye, aka hana shi taka gaɓar. Dije ta kai masa kunu. Ya tura mata damin saiwar jema da ƙafa.

"Baiwar Allah, ba mai tare mace da tulu. Duk saukar da kika yi, ki cusa ɗaya cikin laka, ki taka."