Sunan Innata a Takardar Baba

Gonarmu da ta Baba iyaka ɗaya ce, jerin lalle ne kawai a tsakani. Tsohuwa ce Bahaushiya, 'yar Katolika, daga 'yan gidajen Kiristoci da ke gabas da ƙauyenmu, ta wajen hanyar Bici. Da innata suke aikin gyaɗa tun ban yi wayo ba.

Duk kaka, idan Nuwamba ta kama, takan zo gidana da takarda, don ba ta yi boko ba. Sai ta zauna a tabarma tana faɗo sunayen mamatanta ina rubutawa: mijinta, iyayenta, 'ya'yanta biyu da ƙyanda ta kwashe. Ta ce min Fada, limamin cocinsu, take kai wa, shi kuma ya ambace su a Mas, wato babbar ibadarsu ta coci, a roƙa musu gafara da hutu. Takan haɗa masa da kaza ko ƙwaryar sabon gero. Ba ta taɓa tsallake kowa ba, har jaririn da bai kai ranar suna ba. Shi sai dai in rubuta "ɗan Talata".

Shekarar da inna ta rasu, Baba ta zo zaman makoki, ta kuma daka gumbar sadakar uku da hannunta. Da kaka ta yi ta zo da takardarta. Muka gama sunayen da na sani, ina shirin ninkewa, sai ta faɗi sunan innata.

Na tsaya da biro a hannu. Na tuna mata cewa inna Musulma ce, a kan salla ta cika.

"Na sani, 'yar nan," in ji ta. "Ba canza mata hanya zan yi ba. Shekara arba'in muna cin tuwo ƙwarya ɗaya, yanzu kuma in je gaban Allah in yi shiru da sunanta?"

Na rubuta.

Ran Lahadi da yamma ta biyo ta gidana, ƙafafunta duk ƙaiƙayi. Ta shaida min an ambaci inna, ta ji da kunnenta. Na kawo mata fura ta sha, muka ɗan yi kuka, sannan ta tambaye ni ko mun gama ɗibar wake.