Keken Baba a Bayan Mota

Shekarar da muka hana Baba hawan keke, gidanmu bai samu sukuni ba. Ya haura saba'in a lokacin, kuma tun kafin a haife ni yake da lambu a wata fadama ta wajen Dungu, inda yake noma rake da albasa. Kullum bayan sallar asuba sai ya fito da baƙin kekensa mai nauyi, ya ɗaure fartanya a baya, ya kama hanya. Wata safiya wani kamiyo, irin manyan motocin nan na dakon kaya, da ya nufi Ɗan Barto ya wuce shi a guje, iskar ta kayar da shi a gefen kwalta. Allah ya tsare, gwiwar hannu kawai ya ƙuje. Amma da yayata ta ga jini a hannun rigarsa, ba ta yi shawara da kowa ba, ta tura keken cikin ɗakin ajiya, ta sa kwaɗo, ta koma gidan mijinta da makullin.

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi, da ya fi mana sauƙi. Ni ke zaune da shi a Matameye, ni da iyalina, ina koyarwa a lakkwal, wato makarantar boko. Sai in dawo daga aiki in tarar ya kwance ƙofar akurki yana gyara abin da bai lalace ba. Ya zauna a zaure, ya tashi, ya leƙa waje, ya dawo tsakar gida, ya tambayi Inna ƙarfe nawa, bayan ɗan jimawa ya sake tambaya. Abinci ma a tsaitsaye yake ci. Inna ta ce da ni, "Ka yi wani abu a kan mahaifinka, ya hana ni ko da tankaɗe cikin natsuwa."

Na gwada kai shi lambu a motata ranar Asabar. Sai dai mota ba ta shiga fadama, a bakin wata bishiyar mangwaro take tsayawa, daga nan kuma siririyar hanya ce tsakanin shingaye, tafiya mai nisa. Gwiwoyin Baba ba sa son tafiyar ƙasa, a kan keke ne kawai ba sa damunsa. Na ce a samo mai babur ya riƙa shigar da shi, ya ce shi ba buhun gero ba ne.

Na je wurin Yaya na roƙi makullin, na yi mata alkawarin tayar keken ba za ta sake taka kwalta ba, sannan ta ba ni. Na gwada cusa shi a kofur, wurin kaya na bayan mota, murfin ya ƙi rufuwa, ƙararrawar keken ta karye. Baba ya tsince ta ya sa a aljihu. Na gwada ɗora shi a saman mota, bayana ya riƙe, na yi kwana biyu ina salla a zaune.

Motar tawa tsohuwa ce, ta hannu, kuma a ƙasan bayanta akwai wani ƙarfe mai dunƙulallen kai wanda ake jan tirela da shi. Ban taɓa sanin amfaninsa ba, sai dai da layya mu ɗaure rago a jiki. Wata rana na je Damagaram kai takardu, na ga wata mota da keke tsaye a bayanta, a kan wani marikin ƙarfe da aka kafa a kan irin wannan ƙarfen nawa. Na manta da inda za ni, na bi ta har ta tsaya a gidan mai. Direban ya yi mini dariya, amma ya durƙusa ya nuna mini yadda bakin marikin yake damƙe dunƙulen.

Daga ranar ni ma na kamu da ciwon Baba. Ina cikin aji hankalina yana kan waya. Ɗan kawuna da ke cin rani a Kano ya shiga kasuwa ya turo mini hotuna iri biyu. Akwai mai hannuwa biyu da ake rataya keke a kai, marar nauyi, ana naɗe shi a ajiye. Akwai kuma mai kwalbati biyu da tayoyi ke zama a ciki, da sanda a tsakiya mai riƙe jikin keken. Yau in ce wannan, gobe in ce wancan. Na auna dunƙulen da zare sau uku, na aika masa da tsawon zaren a hoto, ya kira ni ya ce don Allah in nemo abin awo na gaskiya.

Na kai keken wurin mai walda na bakin tasha, wanda yake ce mini Mushe kamar yadda ake kiran malaman lakkwal. Ya ɗaga shi da hannu biyu ya dire, ya ce, "Mushe, wannan ai ƙarfen zamanin da ne. In ka rataya shi a wancan marar nauyin, rami biyu za ka faɗa hannuwan su lanƙwashe." Duk da haka na ƙara mako guda ina jujjuya maganar. Ƙarshe na kai wa Baba wayar a zaure. Ya nisanta ta da fuskarsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya sa yatsa a kan mai kwalbati.

"Wannan. Ba na son a rataye mini keke kamar nama a rumfar mahauci."

Da kayan ya iso a motar haya, sai ga shi keken ya fi shi tsawo, tayar baya tana lilo a waje. Mai walda ya yanke kwalbatin ya ƙara masa ƙarfe, ya sa wani ɗan falle a bakin don ya daina girgiza. Baba yana tsaye a kansa tun daga fari har ƙarshe, yana cewa a kula da fenti, alhali keken rabonsa da fenti tun ina yaro.

Asabar ta farko mun ɗaure shi da maɗaurinsa, na ƙara da igiyar roba, Baba ya ƙara da tasa igiyar. Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Idona ɗaya a hanya, ɗaya a madubi. Kowace ƙara na ji sai in rage gudu. Sau uku ina tsayawa in zagaya in girgiza keken. Shi kuwa Baba ya juya gaba ɗaya a kujerarsa, yana kallon baya, yana ba ni labari: "Yana nan. Ya ɗan karkata. A'a, ya miƙe."

A bakin gari jandarma ya ɗaga mana hannu. Ya zagaya bayan motar ya dawo.

"Mushe, ina lambar motarka?"

Sai a lokacin na lura tayoyin sun rufe ta ruf. Na fara kame-kame, Baba ya leƙo ya ce, "Ɗana, laifin nawa ne, keken nawa ne. Lambu za ni, rabona da rakena wata biyu." Jandarman ya gaishe shi da ladabi, ya ce mu je, amma kafin mako mai zuwa a fito da lambar inda ido zai gan ta. Washegari mai walda ya yi mata mazauni a jikin marikin.

Da muka isa gindin mangwaron, kafin in gama kwance igiyoyi Baba ya naɗe ƙafar wandonsa. Ya hau, ya ɗan yi tangaɗi, ya daidaita, ya shige tsakanin shingaye ko waiwaye bai yi ba. Mun yi da shi zai dawo kafin azahar. Na zauna da littattafan 'yan aji zan duba, na kasa wuce shafi biyu. Azahar ta yi, babu Baba. Na yi salla, na hau kan tudu na hanga, na sauko. Da na kasa haƙuri na rufe mota na bi hanyar a ƙasa, rairayi yana cika mini takalmi. A lambun na tarar da maƙwabcinsa yana ban ruwa, ya ce ai Malam tun hantsi ya gama zagayawa, ya wuce ƙauyen gaba duba wani abokinsa marar lafiya.

Sai bayan la'asar ya ɓullo, da rake ɗaure a bayan keke, fuskarsa sharkaf da gumi. Na ce, "Baba, haka muka yi da kai?" Ya ce, "Kwalta kuka hana ni, ban kuwa taka ta ba." A hanyar dawowa barci ya kwashe shi tun kafin mu hau babbar hanya.

Da Yaya ta ji labari ta zo har gida ta wanke ni tas, ta ce na kai tsoho daji na sake shi. Na ce to ta faɗa mini yadda zan yi. Sai ta ce, "Abin naka ba ya ɗaukar keke biyu?" Na ce yana ɗauka in an matsa. Ta ce to in nemi nawa in riƙa bin sa.

Na ari keken wani abokin aikina. Rabona da hawa tun ina ɗalibi, kuma ban san rairayin fadama yana kama taya haka ba. Asabar ta gaba Baba yana gaba ina biye, ina haki, ina sauka in tura, in sake hawa. Sau biyu ya tsaya jirana, ƙafa ɗaya a ƙasa. A na ukun ya ce in bi gefen da ciyawa take, ƙasar ta fi tauri, kuma in daina riƙe kan keken kamar zai gudu. Na bi ta kan ciyawar, muka isa lambun tare, ya miƙo mini fartanya ya nuna mini kunyar da zan fara.