Takwaran Attahiru Baduku

A Unguwar Rogo, in ka tsaya bakin masallaci ka ce "Attahiru", sai ka zaɓa cikin waɗanda suka waiwayo. Sunan ya daɗe a Sakkwato. Malamai sun ce daga Larabci ya zo, ma'anarsa mai tsarki, kuma sarakuna sun ɗauke shi kafin ya bazu gida-gida. Wanda nake nufi shi ne baduku, mai rumfa kusa da masu markaɗe, siriri, marar yawan magana.

Takalma yake ɗinkawa da gafaka. Allah ya ba shi 'ya'ya mata zalla, ya aurar da su lafiya. Abu guda ya rage masa a rai, bai kuwa taɓa furtawa ba: a yi masa takwara.

Sai dai mun lura da wata ɗabi'a tasa. Duk gidan da aka raɗa wa jariri Attahiru, zai ɗinka 'yan takalma na jar fata ya kai. Ya zauna, ya ci goro, sannan ya tambaya kamar mai tambayar farashin gero: "Wa anka yi wa?" A ce kakan uba ne, ko malamin da ya karantar da mai gida. Ya ce masha Allah, ya ajiye takalman ya tashi.

Matarsa Bara'atu, wadda tun aurensu ba ta taɓa kama sunansa ba, takan ce, "Malam, kai dai kana ta ɗunka wa takwarorin mutane takalmi. Hwatar kyauta anka ba ka?"

"Yara ba su tahiya ƙasa ba takalmi," in ji shi.

"Ɗan kwana bakwai ina za shi?"

Surukansa kuwa kowa ya samu namiji sai ya sa sunan mahaifinsa, na biyu ya sa na baffansa. Malam bai yi ƙorafi ba. Takalman waɗannan jikokin dai sukan ɗan makara.

Autarsa Murja tana auren Sirajo, mai jan Keke Napep a hanyar Gidan Igwai. Da ta haifi namiji, ranar suna muka taru a ƙofar gida da hantsi. Liman ya yi addu'a, ya ce sunan yaro Attahiru. Malam ya karkata wajen amininsa Jibrin, mai sayar da hatsi, ya yi tambayarsa ta kullum.

"Wa anka yi wa?"

"Kai, tsoho! Sirajo surukin wa?"

Malam ya cire hula ya mayar. Ya sake cirewa. Ranar an ga baduku yana raba goron da ba nasa ba.

Murnar ba ta yi nisa ba ya gane inda gizo ke saƙa. Murja ba za ta kira sunan mahaifinta ba, sai ta ce Abba. Sirajo ba zai kama sunan surukinsa ba, shi ma Abba. Bara'atu ta ce angonta ne, tunda tsohon ya tsufa. 'Yan'uwan Murja kowace ta laƙaba nata. Sunan da Malam ya yi shekaru yana jira ya shiga gidan, aka lulluɓe shi saboda kunya, kamar tuwon baƙo.

Saboda haka ya ɗauki aikin da kansa. Kullum bayan la'asar sai ya rufe rumfa ya nufi gidan Sirajo, ya tsaya a zaure ya ce, "Attahiru!" Yaro ya yi rarrafe, ya yi tafiya, ya fara gudu, ko waiwaye babu. Wata rana ya leƙo ya ce, "Kaka, don mi kake kiran kanka?"

Jibrin ya ba da shawarar a haɗa da dabino. Aka haɗa. Yaro ya riƙa cin dabino yana cewa sunansa Abba.

Sai wata Juma'a, gida cike da mata an zo barka da wata haihuwa, Malam ya ɗora shi a cinya cikin zaure, ya gaya masa a hankali cewa su biyu suna ɗaya gare su, kuma babu wanda ya isa ya faɗe shi a gidan nan sai su. Wannan ya yi wa yaro daɗi fiye da dabino. Ya zame ya ruga tsakar gida yana ihu, "Ni Attahiru! Inna, ce Attahiru! Ce mana!"

Murja ta rufe fuska da mayafi. Bara'atu ta tashi neman butar da ke hannunta. Mata suka bushe da dariya, yaro yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana neman wadda za ta faɗa, ba wadda ta yarda.

Malam yana zaure, yana jin sunan yana zaga gidan daga ɗaki zuwa ɗaki. Sirajo ya fito a kunyace zai ba da haƙuri, ya ce bari ya tsawata masa.

"Bar shi," in ji Malam. "Bai ƙare ba."