Rabin Fuskar Kaka

A gidanmu na Ƙofar Marke, da an idar da sallar isha'i sai mu jikoki mu cika ɗakin Kaka, mu kewaye wutar kara da ake hura mata lokacin sanyi. Gab da samun 'yancin kai ne, ina 'yar firamare. Ni ba mai magana ba ce. Ko a aji malama ta kira sunana, muryata maƙalewa take yi. Abin da na iya shi ne kallo. Sauran yara da kunne suke bin tatsuniya, ni kuwa fuskar Kaka nake bi. Girarta takan ɗaga tun kafin kura ta shigo labari, saboda haka nakan riga kowa jin tsoro.

"Ƙawata," takan ce mini, "kallon ga naki sai shi huda tukunya."

Akwai tatsuniyar da har yau ba na son tunawa da ita in ina ni kaɗai. Wata mata ce ta tafi Wamakko sayen shinkafa, ta bar 'yarta a gida. A hanya wani abu da ke zaune cikin gulbi ya kama ta, ya haɗiye muryarta, ya ɗauki kamanninta, ya nufo gidan da magariba. Ya yi sallama da muryar uwar, ya kira yarinyar da sunan da uwarta kaɗai ke kiranta. Ta buɗe. Abin ya tuƙa tuwo, ya yi mata kitso, har da waƙa. Sai can yarinyar ta ɗaga fitila ta ce, "Inna, akuyarki ta mutu." Muryar ta fashe da kuka, amma fuskar tana nan sumul kamar bayan ƙwarya.

"Daga nan fa, Kaka?" muka tambaya.

"Daga nan mi? Ta riga ta buɗe ƙohwa." Ta tura kara cikin wuta. "Murya ana aron ta. Huska ba a aro."

Ba a jima ba Kaka ta je gaisuwar rasuwa a ƙetaren gulbi. Ranar da ta dawo ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. Aka ce iska ce ta buge ta. Hannunta na dama ya mutu, gefen bakinta ya zube, magana ta tafi, sai kalma ɗaya ta rage mata: "To. To." Manya suna ta addu'a da rubutun sha. Ni kuwa na haɗa lissafina a raina, ban gaya wa kowa ba: ta bi ta gulbi, muryar tata ce, fuskar ba ta motsi. Na daina bi ta ƙofar ɗakin. In na kwanta ina jin "to, to" ta bango, sai in cusa kai cikin zane.

Kaka ta ƙi cin abinci. Gwaggo, ƙanwar babana da ke jinyarta, ta lura idon Kaka kullum yana ƙofa. Wata safiya ina shirin makaranta ta kamo hannuna, ta danƙa mini ƙwaryar kunu.

"Ke take biɗa. Ta ƙi amsar abinci ga kowa. Shiga."

Na shiga da ƙwaryar a hannuna. Gwaggo ta ce, "Inna, tsoronki take ji. Yi mata murmushi." Kaka ta yunƙura. Rabin bakin ya hau sama, rabin ya tsaya cik kamar ba nata ba. Na ja da baya, dugadugina ya sarƙe da bakin tabarma, sai ga ni zaune daɓas a ƙasa, kunu ya wanke ni tun daga goshi har kayan makaranta, yana ɗiga daga kan hancina.

Sai Kaka ta tuntsire da dariya. Gefen da ya mutu ya ɗaga tare da ɗan'uwansa, kumatu biyu suka tattare, fuskar da na sani ta fito cif. Dariyar na ƙarewa gefen ya sake zubewa, amma na riga na gan ta. Na rarrafa na kifa kaina a cinyarta da kunun da komai. Ranar ta sha abin da Gwaggo ta sake damawa, daga hannuna.

Ba ta ƙara ba mu tatsuniya ba har ta rasu. Bayan shekaru masu yawa, 'yata da ta karanci likitanci ta bayyana mini abin da masu binciken ƙwaƙwalwa suka gano: murmushin da mutum ya yi da niyya da dariyar da ta kuɓuce masa ba hanya ɗaya suke bi zuwa fuska ba. Ciwo yana iya toshe ɗaya ya bar ɗaya, ya kuma rufe magana alhali hankali yana nan. Ashe duk kwanakin nan Kaka tana ciki, tana kallon ƙawarta tana gudunta, ba ta da bakin kira. Wannan ya fi abin gulbi ba ni tsoro.

Yanzu na kai shekarunta. Na tara jikokina na yi musu wasiyya: in kun wayi gari kun ga bakina ya karkace, kada wanda ya ce in yi murmushi. Ku shigo, ku nemi abin da zai ba ni dariya.