Kawu Sale Mai Auna Santsi

Ku da kuka san Kawu Sale, wa ya taɓa gaisawa da shi ya tsira? Yana sakin hannunka zai murza yatsunsa, ya kai hanci, ya ce, "Basilin. Santsi ya yi yawa." Har liman bai bari ba!

Aiki ne ya biyo shi gida. Ya daɗe a ɗakin gwaji na jirgin ƙasa, yana gwada giris da man da ake shafa wa layin dogo. Faifai biyu na ƙarfe ake haɗawa, ɗaya a madadin ƙafar jirgi, ɗaya dogo, a ɗiga mai a yi ta juyawa. "In mai ya yi kaɗan, ƙarfe ya ci ƙarfe," in ji shi. "In ya yi yawa, birki ya ƙi ci." Da ya yi ritaya ya dawo Birnin Kudu, garin da ko ƙusar dogo babu, sai ya ɗaura faifansa a tsohon keken ɗinki, ya mai da zaure ɗakin gwaji.

Ranar sunan jikansa, matarsa Inna Hajjo ta nemi tukunyar miyar kuɓewa ta rasa. Tana leƙa zaure, ga Kawu yana taka keke yana ɗiga miya a faifai.

"Malam! Baƙi fa na jira!"

"Su jira. Hajjo, da za a zuba wannan a dogo, jirgin Kano sai teku ce za ta tsayar da shi."

"To, ta yi daɗi ko ba ta yi ba?"

"Ni santsi nake aunawa. Santi na baƙi ne."

Sai zancen Habu, direba daga Gwaram, da ya zo neman auren 'yarsa Ladi. Kawu bai tambayi asali ba, ƙarƙashin motar Habu ya shige da babbar riga. Ya fito yana kakkaɓe ƙasa.

"Wanda ya hana motarsa giris, 'yata ce zai saya wa man shafawa?"

Ladi ta yi ta kuka, ta ƙi abinci. Habu ya je ya laɓta giris ko'ina, har kan birki. Da ya dawo, mota ta wuce ƙofar gida salin-alin, sai rumbun maƙwabci ne ya tare ta. Muka ce shi ke nan, aure ya mutu tun ba a ɗaura ba.

Kawu ya ce, "Na ba shi. Yaro ne mai jin magana. Awo ne bai iya ba."

Lokacin zaɓe kuwa, wani ɗan takara ya rantse zai kawo jirgin ƙasa har ƙauyukan Kwandiko da Sundimina. Kawu ya ɗaga sanda.

"Wane mai za ku shafa a kwanar dogo?"

"Baba, kowane iri! Har man shanu!"

Kawu ya juyo gare mu. "Na gwada man Turai, na gwada na Sin, ban ga wanda ya kai bakin yaron nan santsi ba."

Kuma wallahi shi ya zaɓa! Na ce, "Haba Kawu, don me?"

"In ya ci, ai mun daina ganinsa."

Ranar jana'izar Kawu, sai ga guragun bakin kasuwa sun jero a kekunansu, babu ko ɗaya mai ƙara. Ashe duk Juma'a yana bin su da gwangwanin mai, bai taɓa gaya mana ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa ya huta, Ya haskaka makwancinsa. Amin.