Rajistar Goggo

Jiya a Pazhou, can ƙasar China, ina zagayen rumfunan baje koli, wani ɗan China mai sayar da kayan makaranta ya goga alli a allo don in ga ingancinsa. Ban ga komai ba. Ƙurar allin ce ta shige mini hanci, sai ga ni a ƙauyenmu, ɗan aji uku, a gaban Goggo.

Goggo yayar mahaifina ce, ita ce kuma shugabar firamarenmu. Ƙabilarmu ƙarama ce, ta bayan dutse, wadda ba kowa ya san da ita ba ko a jiharmu. Da Hausa da Turanci take koyarwa, amma in ta fusata da yarenmu take faɗa, kuma a nan muka fi fahimta.

Tsakanin unguwarmu da makarantar akwai rafi. Da rani ko akuya ba ta jiƙa ƙafa a ciki. Amma in damina ta nutsa ya kawo, sai dai mu tsaya a gaɓa muna hango tutar makaranta. A irin wannan rana sufeto ya zo, ya tarar da rabin bencinan makarantar babu kowa, ya rubuta a rufe makarantar.

Goggo ta yi ta aika takardu, shiru. Sai ta ajiye alli ta fito takarar kansila. Mahaifina ya ce, "Yaya, siyasa fa ba aji ba ce."

Ta ce, "Za mu gani."

Ta ci. Ranar da majalisa ta zauna kan batun makarantar, Goggo ba ta yi jawabi ba. Direban da ya kai ta ne ya ba mu labari. Rajista ta buɗe, ta shiga kiran sunayenmu, mu 'yan tsallaken rafi. In ta kira ɗaya sai ta dakata tana jiran amsa. Zauren ya yi tsit. Can shugaban ƙaramar hukuma ya ce, "Hajiya, mun gane."

"Ranka ya daɗe, ba a katse kiran suna."

Sai da ta kai ƙarshe ta rufe littafin ta ce, "Duk suna nan da ransu. Ruwa ne ya hana su amsawa."

Ba a rufe makarantar ba, kuma kafin damina ta zagayo an gina gada. Daga baya Goggo ta je majalisar jiha, da rajistarta a jaka. Ni dai ban taɓa ganin mai taurin kai da nake ƙauna kamarta ba.

Yaran yanzu da gudu suke haye gadar, ba su san rafin ya taɓa tare kowa ba. Goggo ta tsufa, idanunta sun yi rauni. Daga bakin rumfar ɗan Chinan nan na kira ta a waya. Da ta ji muryata sai ta kira cikakken sunana har da na mahaifina, ta dakata.

Ga furfura a gemuna, ga jama'a na wucewa, na miƙe ƙyam na ce, "Ga ni, Malama."