Tirelar da Fitilunta Ke Ƙarya

Anka

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na fito gida. Inna ta biyo ni har zaure da ƙullin hoce na guzuri tana cewa in kula da yayana, sai ka ce ni ne babba. Yaya Bawa direban tirela ne, ni kuwa malamin firamare, abin da na sani a mota bai wuce buɗe ƙofa ba. Hutu muke yi, shi ya sa ya ɗauke ni rakiya.

Ga abin da ya hana gidanmu sukuni. Wata biyu ke nan fitilun bayan tirelar suna shirme. A taka birki, maimakon ja ya kama, sai sigina ta ɗan yi haske kamar aci-balbal, wata rana kuma komai ya yi daidai. Masu rewaya uku, wato masu gyaran wutar mota, sun taɓa ta, an sake ƙwan fitila, an sake fis, a banza. Alhaji mai motar ya gaji, ya ce sakacin direba ne, in Yaya ya dawo daga wannan tafiya da fitilu a haka, to ya ajiye makulli. Yaya kuwa mai 'ya'ya bakwai ne fa.

Muka yi sallah, muka jira gari ya waye, don Yaya ya daina tuƙin duhu. Shida da rabi muka tashi. A shingen farko wani jami'i ya zagaya motar, na ɗauka fitilun zai duba. Ashe dawisu biyun da ke zane a ƙofar baya yake kallo. "Direba, amarya ka ɗauko?" in ji shi. Yaya ya washe baki, don shi da kansa ya kai aka yi zanen.

Bukkuyum

Tara saura kwata muka iso. Aka yi lodin gero, muka sha fura da nono a bakin kasuwa, sha ɗaya da rabi muka kama hanya. Ba mu bar gari ba wata akuya ta gitta, Yaya ya taka birki. Sai muka ji ƙarar taya a baya. Wani ɗan kabu-kabu ne a babur ɗauke da mace mai goyo, saura taku ɗaya ya shige ƙarƙashinmu.

"Kai direba! Kashe mu za ka yi? Ina hitilarka?"

Yaya, wanda ba a kayar da shi a cacar baki, sai haƙuri yake ta ba shi. Wani dattijo mai awon hatsi ya matso ya ce, "In kun kai Gummi, ku biɗi Malam Nomau mai rewaya. Kada ku tsaya wurin kowa." Muka ɗaura jan ƙyalle a baya, muka riƙa jan ciki.

Gummi

Biyu da minti goma muka sami Malam Nomau ƙarƙashin wata darbejiya, tsoho siriri, an ɗaure ƙafar tabaransa da wayar wuta. Kayan aikinsa ba su cika kwano ba. Na ce a raina yau ma mun yi asarar yini. Bai ko taɓa motar ba, ya ba mu benci.

"Yaushe abin ga yah hwara?"

"Bayan ƙaramar salla, Baba."

"Mi anka yi mata kahin salla?"

"Ba komi. Hwenti kawai."

"Hwenti kawai," ya maimaita, ya miƙe.

Ya sa Yaya ya hau ya taka birki, ni na tsaya a baya. Ya jawo doguwar waya tun daga batir, ya ɗosana bakinta a ƙarfen gidan fitila. Wallahi ja ya kama wal, har sai da na ja da baya. Ya ɗauke wayar, ya mutu. Ya sake ɗosanawa, ya kama.

"Ɗana, wuta ba ta zuwa wuri ta zamna, sai ta koma gida," ya ce da Yaya. "Ta ƙarhen bodi taka komawa. Mai hwenti yak kwance hitilu, yash shahe ƙarhen, yaɗ ɗaure su bisa hwenti. Wutar birki tar rasa hanya, tab bi ta sigina."

Yaya ya dubi zanensa. "A kankare shi dut, Baba."

"A'a, mi dawisu yay yi maka?"

Ya kwance fitilun ɗaya bayan ɗaya. A bayan kowace ya goge wuri kamar faɗin kwabo da samfefa har ƙarfe ya yi fari, ya shafa giris, ya ɗaure noti, sannan ya ƙara waya zuwa shasi, ƙarfen gindin mota. Ko ƙwarzane bai yi wa zanen ba. Ya riƙa jijjiga kowace fitila da hannu ana taka birki, sau goma na ƙirga. Huɗu saura minti goma ya wanke hannu ya tafi alwala. Ni dai tsohon nan ya burge ni, ban taɓa ganin wanda ya gyara abu da tambaya biyu ba.

Muka sauke gero, muka sauka a zauren wani dillalin shinkafa kusa da gulbi. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi. Na ci nawa, na taya Yaya da nasa, don loma uku ya yi ya tsame hannu.

Komawa

Washegari aka yi lodin shinkafa, tara daidai muka bar Gummi. Na san abin da ke cin Yaya. Alhaji ya ce sakacin direba ne, ga shi kuwa zanen direba ne ya jawo. Na ba shi shawarar malaman makaranta, na ce ya gaya wa Alhaji waya ce ta saki, ai ba ƙarya ba ce tsantsa. Ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da ido kan titi.

Ɗaya da minti ashirin muka shiga Anka. Alhaji ya tsaya a bayan tirela da carbinsa, aka sa ni taka birki, na taka har ƙafata ta gaji. Da na sauko na tarar yana tambayar abin da aka gano.

"Ni na, Alhaji," in ji Yaya. "Hwentin da nis sa anka yi shi yat toshe wutar. Jiya saura kaɗan in kashe mace da goyonta."

Ya ciro makulli ya miƙa da hannu biyu. Alhaji ya dubi makullin, bai karɓa ba.

"Mi zan yi da shi, Bawa? Ni na iya tuƙi? Jibi akwai lodin Gusau."

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, Allah kuma ya saka wa Malam Nomau da alheri. Da muka shiga gida Inna ta tambayi yadda hanya take, Yaya ya ce lafiya lau, ya zauna a tabarma ya ce a kawo masa abinci da yawa.